Fashin Baƙi Kan Abincin Mai Ɗaga Ƙarfe: Me Tsoka Ke Buƙata, Nawa Ne, Kuma Daga Ina?

Tambayar da sabon shiga ɗaga ƙarfe ya fi yi ita ce wane gari zai saya, ko wace ƙwaya zai haɗiya, ƙirjinsa ya buɗe, damtsensa ya cika hannun riga. Ana yin ta a manyan gidajen motsa jiki na Abuja da Kano, ana kuma yin ta a kangon unguwa inda aka zuba siminti a gwangwani biyu aka soka bututu a tsakani. Masu sayar da robobin gari suna da amsa a shirye. Abin da ke damuna shi ne, yaro zai tara kuɗin da za su ishe shi ƙwai da wake na wata guda ya zuba a roba ɗaya, alhali abin da ya hana shi ci gaba yana cikin kwanon da yake ci sau uku a rana. An yi bincike mai yawa a kan cimar masu ƙarfe, kuma abin da aka gano yana da gaba da baya: yawan abinci gaba ɗaya shi ne farko, furotin, wato sinadarin gina jiki, na biye, sannan sitaci da mai da ruwa. Robar kanti tana can ƙarshen layi.

Sai dai a fara rarrabewa, domin abin da muke haɗawa mu kira ɗaga ƙarfe wasanni uku ne. Akwai na Olamfik, inda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa sama da kai a tashi ɗaya, ko a ɗora shi a kafaɗa sannan a cilla shi sama. A nan Ruth Ogbeifo ta samo wa Najeriya azurfa a Sidni a 2000. Akwai fawaliftin, gasar ƙarfi zalla: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, tura shi daga ƙirji a kwance a benci, da ɗago shi daga ƙasa. A ɓangarensa na masu buƙata ta musamman, inda benci kaɗai ake yi, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Faris a 2024, ta ci zinare ta kafa tarihin duniya. Na uku shi ne gasar gina jiki, wadda ba a ɗaga komai a kan dandali, alƙalai siffa suke kallo: girman tsoka, daidaiton sassa, da ƙarancin kitse. Babbar gasarsu ita ce Mr. Olympia da aka fara a 1965, wadda Samson Dauda, haifaffen Najeriya mazaunin Birtaniya, ya lashe a 2024. Na farko da na biyu suna cin abinci ne don su yi ƙarfi ba tare da sun tsallake rukunin nauyinsu ba. Na uku yana ci don ya yi girma, daga baya ya ƙona kitse. Tushen ɗaya ne, a wajen shirin gasa ake rabuwa.

Yadda tsoka ke girma ba shi da wuyar fahimta. Kullum jiki na rusa furotin ɗin tsoka yana sake gina wani. Idan ka wahalar da tsoka da nauyin da ba ta saba ba, ginin yakan ƙaru na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu. In a wannan lokaci akwai isasshen abinci, ginin ya fi rusawa, a samu 'yar ƙaruwar da ido ba ya gani. Taruwar wannan 'yar ƙaruwa cikin watanni ita ce ƙwanjin da ake gani a jikin mutum. Ƙarfe ne ke ba da umarni, abinci kuma ya ba da abin aiki. Wanda ya ci bai ɗaga ba teɓa zai yi, wanda ya ɗaga bai ci ba gajiya zai tara.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin da bai samu kuzarin da zai riƙe kansa ba ba zai kashe abin da yake da shi wajen ƙara tsoka ba. Ana auna wannan kuzari da kalori: giram ɗaya na furotin ko sitaci yana ba da kalori 4, na mai yana ba da 9. Mai son ƙara jiki yana buƙatar ya ɗara abin da yake ƙonawa da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ba lallai ne ya zauna yana lissafin kowace loma ba, sikeli ya ishe shi. Ya hau da safe kafin ya ci komai, sau biyu ko uku a mako, ya rubuta. Ƙaruwar da masana ke ba da shawara ita ce kashi 0.25 zuwa 0.5 cikin 100 na nauyin jiki a mako, wato giram 175 zuwa 350 ga mai kilo 70. In wata ya wuce sikeli bai motsa ba, abincin ya yi kaɗan. In kuma ana hawa kilo ɗaya duk mako, yawancinsa kitse ne. Ga wani abu da ake mantawa: saurayin da ya yini yana dako a kasuwa, ko haɗa kwaɓi a wurin gini, ko noma, sannan ya zo ɗaga ƙarfe da yamma, buƙatarsa ta fi ta ma'aikacin ofis nesa ba kusa ba. Irinsa ne ke cewa "ina ci sosai amma ba na ƙaruwa", kuma da gaskiyarsa, aikin ne ke cinye abincin tun kafin tsoka ta samu rabonta.

Furotin ne wurin da ya kamata a tsaya a daɗe, saboda a nan kwanonmu yake da rauni. Mutumin da ba ya wasan ƙarfi giram 0.8 a kowane kilo na jikinsa ya wadatar da shi a rana. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar ninki biyu. A 2018 Robert Morton da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara bincike 49 da aka yi a kan mutum fiye da 1,800. Sun ga amfanin ƙara furotin yana hawa har zuwa kusan giram 1.6 a kowane kilo, daga nan ya lafa, ko da yake wasu na iya amfana har zuwa 2.2. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112 zuwa 154 a rana.

To a duba cimar yau da kullum. Koko da ƙosai biyar da safe, shinkafa da miya da yankan nama ɗaya da rana, tuwo malmala biyu da miyar kuka da dare. Ciki ya cika, amma in aka lissafa furotin da wuya ya wuce giram 50 zuwa 60, rabin abin da ake nema. Hatsi ya yi yawa, abin da ke ɗauke da furotin ya yi kaɗan. Cike wannan giɓi kuwa ba ya buƙatar komai daga ƙasar waje. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin nono ko kindirmo yana da kusan 8. Dafaffen nama ko kifi ko kaza giram 100, abin da bai wuce tafin hannu ba, yana ba da 25 zuwa 30. Busasshen wake giram 100 yana da kusan 23, amma a kula, idan ya dahu ya sha ruwa giram 100 nasa bai wuce 8 ba, don haka cokali biyu da aka barbaɗa a kan shinkafa ba su kai ko'ina ba. Waken suya ya fi su duka a cikin tsirrai, busasshensa na da kusan 36. Gyaɗa na da kusan 25. Shi kansa hatsi ba fanko ba ne, gero da dawa na da kusan giram 10 zuwa 11 a busasshen giram 100.

Ga yadda za a kai 112 a yini ɗaya: ƙwai uku su ba da 18, nono kofi biyu 16, kwano guda na dafaffen wake mai giram 250 ya ba da 20, nama ko kifi tafin hannu ɗaya 25, gyaɗa cikin hannu 8, tuwo da shinkafa da furar yini kuma su kawo kusan 25. Ranar da aljihu bai kai nama ba, awara ta maye gurbinsa. A ganina babu abin da talaka mai ɗaga ƙarfe zai riƙe da ya kai awara arha da amfani, kuma tana nan a kusan kowane lungu da yamma. Maganar da ake yaɗawa cewa waken suya na rage wa namiji mazakuta an bincike ta: tattara nazarce-nazarce da aka yi a 2010, aka sake a 2021, bai nuna yana rage sinadarin maza na testosteron ba.

Akwai bambanci tsakanin furotin ɗin dabba da na tsiro, kuma yana da kyau a san dalili. Furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai 20 da ake kira amino asid, 9 daga ciki jiki ba ya iya yin su, dole a ci. Nama da kifi da ƙwai da nono suna da duka taran a wadace. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya da ake kira laisin, wake kuma yana da shi da yawa amma ya gaza a metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su kowa ya rufe wa ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, fura da nono, alala da kunu, duk haɗi ne da ke kan wannan tsari tun kafin a san sunan sinadaran. Gyaran da mai ƙarfe zai yi shi ne ya juya rabon: wake ya kai shinkafa yawa, nono ya rinjayi ruwa a fura.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna buƙatar kashedi biyu. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, giram 100 nata ya haura kalori 550, saboda haka tana taimakon siririn da ke son ƙaruwa, tana kuma ɓata wa mai rage ƙiba lissafi. Ƙuli-ƙuli ya fi ta yawan furotin tunda an matse man. Amma gyaɗar da ta ji danshi ta yi funfuna na iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Wanda zai riƙa ci kullum ya san hannun da yake saya.

Ɗanyen ƙwai kuwa, wanda ake fasawa a madara a shanye da sunan ƙarin ƙarfi, asara ce. Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna hanji na tsotse kusan kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuma kashi 51 kacal. Ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela a kai. Lemon malt da madarar gwangwani ma yawancin abin da ke ciki sukari ne, madarar ce kaɗai ta kawo ɗan furotin.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. An daɗe ana tsorata mutane cewa in ba a sha furotin cikin minti 30 bayan atisaye ba an yi aikin banza. Nazarin da Brad Schoenfeld da Alan Aragon da James Krieger suka buga a 2013 ya nuna jimillar yini ce ta fi muhimmanci. A raba ta gida uku ko huɗu, giram 25 zuwa 40 a kowane ci, a sa ɗaya ya faɗo cikin 'yan sa'o'i kafin ko bayan atisaye.

Tuwo ba abokin gaba ba ne. Jiki na ajiye sitaci a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kimanin giram 400 a tsoka da 100 a hanta, kuma shi ake ƙonawa idan ana maimaita ɗagawa sau takwas, sau goma, zagaye bayan zagaye. Ana ba masu wasan ƙarfi shawarar giram 4 zuwa 7 na sitaci a kowane kilo, gwargwadon yawan aikin. Mai gina jiki da ke awa biyu yana zagaye da yawa ya fi buƙatarsa a kan mai fawaliftin da ke ɗagawa sau uku ya huta minti biyar. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kusan giram 3, shi ya sa wanda ya daina cin hatsi yake ganin kilo biyu sun zube a mako guda ya ɗauka kitse ne. Mai kuma kada ya gaza kusan kashi 20 cikin 100 na kalorin yini, domin jiki na buƙatarsa wajen haɗa sinadarai da tsotse bitamin A da D da E da K. Ganye irin su zogale da rama da alayyahu, da 'ya'yan itace, suna kawo abin da nama da hatsi ba su da shi, mata masu ɗagawa kuma su kula da sinadarin ƙarfen jini, wanda hanta da jan nama suka fi bayarwa. A zafin Maris da Afrilu ruwa ya zama babban al'amari: zufar da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana iya rage ƙwazo. Launin fitsari ma'auni ne mai sauƙi, in ya yi duhu a ƙara sha.

A shirin gasa ne abin ke zama haɗari. Mai son rage kitse ba tare da asarar tsoka ba yana sauka a hankali, kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na nauyinsa a mako, yana ƙara furotin, yana ci gaba da ɗaga nauyi mai nauyi. 'Yan gasar gina jiki suna kai abin ƙarshe. Wani nazari na 2013 ya bi wani ɗan gasa da ba ya amfani da allurar ƙara tsoka tsawon wata shida na shiri: kitsen jikinsa ya sauka daga kashi 14.8 zuwa 4.5, testosteron ɗinsa kuma ya faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu, sai bayan gasar ya dawo. Wannan jikin da ake gani a hoto, jijiyoyi a waje, fata a manne, na 'yan kwanaki ne, mai shi yana cikin yunwa da rashin ƙarfi a ranar da aka ɗauke shi. Ba jikin da ake zama da shi ba ne duk shekara.

Masu rukunin nauyi kuma jarabarsu ita ce matse ruwa kafin awo. A gasar ɗagawa ta Olamfik da ta babbar hukumar fawaliftin ta duniya awa biyu ne kacal tsakanin fara awo da fara wasa, don haka wanda ya busar da kansa ba zai farfaɗo kafin ya hau dandali ba. Wasu sukan koma ga ƙwayoyin sa fitsari, waɗanda haramtattu ne a wasanni. Su aka samu a jikin Chika Amalaha, 'yar shekara 16, aka karɓe zinaren da ta ci wa Najeriya a rukunin kilo 53 a gasar ƙasashe rainon Ingila ta Glasgow a 2014. Mohammed Benaziza, fitaccen ɗan gasar gina jiki, ya rasu a 1992 jim kaɗan bayan wata gasa a Holan, kuma an danganta mutuwarsa da irin wannan busar da jiki. Waɗannan ƙwayoyi suna fitar da gishirin da zuciya ke bugawa da shi.

Yanzu a zo ga robar kanti. Garin furotin da aka fi sayarwa daga ruwan da ke tsatsowa lokacin yin cuku ake busar da shi. Abinci ne, ba magani ba, kuma ludayinsa ɗaya na da giram 20 zuwa 25, daidai da ƙwai huɗu. Mai hali da ba shi da lokacin girki zai amfana, wanda ba shi da hali bai rasa komai ba. Abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne kiriyatin, wani sinadari da ke cikin nama da kifi wanda tsoka ke amfani da shi wajen aikin ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi. Giram 3 zuwa 5 a rana ya isa, yakan ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a zagaye, ya kuma ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa a cikin tsoka. Mai shan sa ya gaya wa likita kafin gwajin ƙoda, domin yana iya ɗaga adadin kiriyatinin, sinadarin da gwajin ke aunawa a jini. Kafeyin ma na taimakawa, akwai shi a gahawa da shayi da goro, amma shan sa da yamma yana cinye barcin da tsoka ke murmurewa a cikinsa. Saura kuwa, masu sunan ƙona kitse da ƙara sinadarin maza, ban ga hujjar ba su kuɗi ba. Kuma ba duk abin da ke jikin takarda ne ke cikin roba ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya, ya gwada irin waɗannan kayayyaki 634 daga ƙasashe 13 a farkon shekarun 2000, ya samu kusan kashi 15 cikin 100 ɗauke da sinadaran sitiroyid masu ƙara tsoka da ba a rubuta ba. Lambar NAFDAC ita ce mafi ƙarancin abin da mai saye zai duba.

Dole a faɗi gaskiya game da allura, domin ita ce ke sa samari zargin abincinsu a banza. A 1996 Shalender Bhasin da abokan aikinsa sun ba wasu maza miligiram 600 na testosteron duk mako har mako goma. Waɗanda aka yi wa allurar ba su ɗaga komai ba sun ƙara kusan kilo 3 na jiki marar kitse, waɗanda suka ɗaga ba allura kusan kilo 2, waɗanda suka haɗa biyun kusan kilo 6. Arnold Schwarzenegger da kansa ya amsa cewa ya yi amfani da sitiroyid a zamanin gasarsa. Saboda haka kwaikwayon jadawalin cin abincin zakarun duniya ba zai ba kowa jikinsu ba. Farashin allurar kuwa ana biyan sa da hawan jini, kumburin zuciya, lahanin hanta, fitowar nono ga namiji, da ƙarancin maniyyi har ya kai ga rashin haihuwa. Abin da ya fi ban tausayi shi ne masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, irin su deksametason. Shi ma sunansa sitiroyid, amma wani iri ne daban da ke rusa tsoka. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya siranta hannu da ƙafa, ya ɗaga sukarin jini, ya raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke shi a rana ɗaya, ya je asibiti a rage masa a hankali, domin yankewa farat ɗaya na da nasa haɗarin.

Game da tsoron cewa furotin na lalata ƙoda: binciken da aka yi a kan masu lafiya bai nuna wannan adadin na cutar da su ba. Amma mai ciwon ƙoda, ko mai hawan jini da ciwon sukari da suka daɗe, lissafinsa daban ne, likita ne zai tsara masa.

Sai watan azumi, wanda ke zuwa wa mafi yawanmu duk shekara. Mutane da dama sukan ajiye ƙarfe gaba ɗaya don tsoron ramewa. Wani bincike da Khaled Trabelsi da abokan aikinsa suka yi a Tunisiya a kan masu gina jiki 16, aka buga a 2013, ya nuna nauyinsu da tsokarsu ba su canza ba a Ramadan, ko sun yi atisaye da azumi a baki ko bayan sun sha ruwa, sai dai alamar ƙarancin ruwa ta bayyana ga ɓangarorin biyu. A zafinmu na fi ganin dacewar yin atisaye bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, a rage yawan zagaye amma a bar nauyin yadda yake, a ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da aka samu. Furotin ɗin yini a raba shi uku: a buɗa baki da dabino da kunu da ƙosai ko ƙwai, a ci babban abinci mai nama ko wake bayan atisaye, sahur kuma ya ƙunshi kindirmo ko ƙwai ko awara tare da hatsi mai daɗewa a ciki kamar gero. Ruwa a riƙa shan sa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa asuba, domin wanda aka ɗura lokaci ɗaya dab da kiran salla yawancinsa fitsari zai fitar kafin hantsi.